Gashin Da Na Rantse Nawa Ne

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Alhamis ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Shamaki ba za su ba ni dama ba. Har yau in na wuce majalisar bakin masallaci sai wani ya yi ɗan tari, sauran su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Na san abin da tarin yake nufi. Gara in ba da labarin da bakina, tunda kowa ya riga ya ba da shi da nasa, har da ƙarin gishiri.

Ni kafinta ne, na rufi da silin. Shekara ashirin da wani abu ina hawa kan gidajen mutane a Gombe. Makaranta kuwa a aji biyu na sakandare na tsaya, ba don kaina ba ya ja ba, don dai babu mai riƙe ni ne (in na fara wannan maganar ba za mu gama yau ba, bari in bar ta). Akwai lokacin da in ana gini daga unguwar Arawa har Gabukka, ni ake nema. Sai ga silin ɗin zamani ya shigo, farin nan da ake ce wa fi-o-fi, yaran da ba su san bambancin ƙusa inci biyu da inci uku ba suka kwashe aikin kaf. Ni kuma na koma gyaran kujera mai ƙafa uku da ƙofar banɗaki. In ka ce raina a ɓace yake a lokacin, ba ka yi ƙarya ba. Har yanzu ma bai gama gyaruwa ba.

A cikin wannan halin ne wata safiya na fito zan leƙa kasuwar katako, sai na ga wani abu a bakin ƙofar zaurena. Ɗan dunƙule ne launin toka, bai kai dabino ba. Na sa ƙafa zan ture shi, sai na ga kamar gashi. Na tsuguna na tone shi da tsinke. Gashi ne a cure, a tsakiyarsa ga 'yan ƙasusuwa sirara kamar allura.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake nufi da gashi da ƙashi a ƙofar mutum. Nan take komai ya fito mini fili: ashe ba fi-o-fi ba ne ya kashe mini kasuwa, hannu aka sa mini. Gaskiya ma har wani ɗan daɗi na ji, don ya fi sauƙi a ce an yi maka sammu da a ce zamani ya wuce ka.

Kashegari na tarar da guda biyu. Na samo gwangwanin madara, na riƙa ɗauka da leda a hannu ina zubawa a ciki, in rufe, in ɗora can saman katangar zaure. Cikin sati uku gwangwani ya kusa cika.

Wata rana mai ɗakina ta same ni ina ajiyar. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona.

"Baban Ummi, wai me kake tarawa a gwangwanin nan?"

"Abin da ya fi ƙarfin hankalinki."

"To, ni dai da ka tambaye ni..."

"Ban tambaye ki ba."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta shige. (Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.)

Akwai wata tsohuwar bishiyar dogon yaro a ƙofar gidana, reshenta ya sunkuyo daidai kan zauren. Wata rana da hantsi na ji ƙananan tsuntsaye sun cika ta da hayaniya kamar ana rabon gado. Na ɗaga kai. Mujiya ce a zaune, da rana tsaka, 'yar ƙarama, ba ta kai tattabara ba. Idanunta rawaya, ta kafa mini su ko ƙiftawa babu. Na yi a'uziyya. Sai ta juya kanta baya, kuma wallahi ba ta daina kallona ba: ga wasu idanu biyu baƙaƙe a ƙeyarta. Ido huɗu! Ban san lokacin da na faɗa cikin gida ba. Takalmina ɗaya sai da azahar na koma na ɗauko.

Na ce shike nan, ga kaya, ga 'yar aike. Saura wanda ya aiko ta. Na zauna na yi tunani irin na mai hankali: wa yake da gashin kaina a duniyar nan? Mutum ɗaya ne.

Ba Modu wani dattijon Babarbare ne, wanzami. Rikici ne ya koro shi daga Borno, ya iso Gombe da matarsa da 'yarsa da mijinta ya rasu, da jakar askarsa. Ya kama ɗan shago a jikin gidan Alhaji Bappa, maƙwabcina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da aska yake aski irin na da, kuma duk safiyar Juma'a ni ma a gabansa nake miƙa kai. Ba shi da yawan magana. In ya gama sai ya share gashin tsaf, ya zuba a leda, ko sili ɗaya ba ya bari a ƙasa. Da ina yaba masa tsafta. Yanzu kuwa na ce, a'a, ashe tara kayan aiki yake yi. Dalili ma ban sha wuyar samo masa ba: ya taɓa roƙona ya ajiye bencinsa a inuwar bishiyata saboda rana tana dukan shagonsa, na ce masa inuwar ba ta gwamnati ba ce. To ga shi yana so ya kore ni ya gaje inuwar.

Ban je na tare shi ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. A majalisa na saki magana. Na ce, "Ni dai ban kira sunan kowa ba, amma kowa ya san inda yake barin gashinsa." Na buɗe gwangwani na nuna wa mutum biyu, na ce kada su gaya wa kowa. Kafin sati ya zagayo, bencin Ba Modu ya zama wurin kwanciyar akuya. Dattawan da suka shekara suna aski wurinsa suka koma hawa keke suna zuwa Arawa wurin yara masu inji. Nakan hango shi zaune a bakin shago yana wasa aska a jikin fata, aska da ba wanda za a yi wa aski da ita. Alhaji Bappa kuwa ya aika wa mai unguwa cewa shi ba zai ajiye matsafi a gidansa ba: a binciki maganar, in ta tabbata, mutumin ya kwashe kayansa kafin sallar Juma'a.

Haka aka kira mu ƙofar gidan mai unguwa ranar Alhamis bayan la'asar.

Mai unguwarmu tsohon Bafulatani ne, kullum in ya ga Ba Modu sai ya tsokane shi irin wasan da ke tsakaninsu da Barebari. Ran nan ko murmushi bai yi ba. Tabarma uku aka shimfiɗa, duk sun cika, wasu na tsaye. A gefe kuma ga ƙanen mai unguwa, Jibrin, ya zo gaida yayansa. Jibrin ajinmu ɗaya a firamare, benci ɗaya ma, kuma ni nake nuna masa lissafi (ya musa in ya isa). Shi ya samu mai riƙe shi, har ƙasar Indiya ya je ya karanta ilimin dabbobi, yanzu koyarwa yake yi, ana ce masa Dakta. Na sha faɗa a majalisa cewa ban ga amfanin mutum ya ƙetare teku don ya karanta ƙadangare ba. Da na gan shi sai na ƙara gyara zama, na ce yau zai ga ilimin da ba a koyarwa a Indiya.

Na buɗe gwangwani na juye a kan tabarma. Mutane suka ja da baya, ana ta a'uziyya. Na yi jawabi, jawabi mai kyau kuwa. Na kawo mutuwar kasuwata, na kawo ciwon bayan da ke damuna, na kawo maganar inuwa, na kawo ledar gashi.

Mai unguwa ya ce, "Kafinta, maganar nan babba ce. Ka tabbata gashinka ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, shekara arba'in da takwas ina ɗauke da kan nan. Na san furfurata in na gan ta. Wallahi gashina ne."

"Ka dai duba da kyau."

"Wallahi tallahi nawa ne. Ga launin nan, a gwada!" Na cire hula na sunkuyar da kai, na juya shi dama da hagu don na baya ma su gani. Sau uku na rantse. Akwai shaidu, kuma duk suna raye.

Aka ce Ba Modu ya yi magana. Ya dubi tabarma ya ce, "Ranka ya daɗe, gashin mutane binnewa nake yi, haka ubana ya koya mini. Ban san wannan abu ba. Na bar gari ɗaya da ƙafa, da mata biyu a bayana. In an ce in bar wannan ma, zan bari. Sai dai ban san inda ake zuwa daga nan ba."

Tausayinsa ya ɗan taɓa ni, amma na danne shi, na ce makircin matsafa ne.

Sai Jibrin ya matso. Ya miƙa hannu, hannu tsirara ba leda, ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya juya shi, har da shinshinawa. Wani dattijo ya ce, "Dakta, ajiye! Kana da iyali!"

Jibrin ya ce, "Yaya, a ba ni ruwa a kwano da tsinken tsintsiya biyu." Ya dube ni. "Abokina, akwai bishiya a ƙofar gidanka?"

"Akwai."

"Ka taɓa ganin wata 'yar mujiya a kanta? Ƙarama, mai fitowa ko da rana?"

Na miƙe tsaye don murna. "Kun ji ko! Jama'a kun ji! Mai ido huɗu! Ko Dakta ya san ta!"

Aka kawo wa Jibrin ruwan. Ya jefa dunƙulen a ruwa, ya jira ya jiƙa, ya shiga tsefe shi da tsinke a hankali kamar mai cire ƙaya. Ya zaro farar takarda daga aljihu ya shimfiɗa, yana fito da abu ɗaya ɗaya yana jerawa. Ga ɗan ƙashin ƙafa. Ga haƙarƙari kamar zare. Ga wani ɓallin fiffike baƙi mai ƙyalli, ya ce na buzuzu ne. Mutanen da suka ja baya suka fara matsowa, kawuna suka haɗu a kan takarda. Can sai ya ɗago wani abu a bakin tsinke, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Muƙamuƙi ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba, da ɗan dogon haƙori ja-ja a gaba.

Ya ce, "Abokina, buɗe bakinka mu duba, ko akwai haƙorin da ya ɓace maka."

Ban buɗe ba.

"Ɓera ne," in ji shi. "Gashin ma na ɓera ne. Mujiya ba ta tauna, haɗiya take yi. Naman ya narke a ciki, gashi da ƙashi kuwa ba sa narkewa, sai cikinta ya dunƙule su ta amayo su ta baki. Duk inda take yawan zama, in ka duba ƙasa za ka same su. A Indiya mun tsefe irin wannan har na gaji. Suna da wata 'yar ƙarama mai ɗige-ɗigen fari, a cikin gari take zama, a kogon bishiya ko ramin tsohon gini, in ka tsura mata ido sai ta riƙa ɗaga kai tana saukewa kamar mai gaisuwa. Akwai kuma wata a dazukan kan duwatsu, ta fi ta ƙanƙanta, da rana take farauta, a ramin da maƙwaƙwafi ya fafe take yin ƙwai. Ita ma tana da idon ƙeyar nan, kamar tamu ta nan."

Alhaji Bappa ya ce, "To ido huɗun fa, Dakta?"

"Biyu ne, Alhaji. Na bayan zanen gashi ne kawai, baƙi da farin kewaye. Don mai son ya faɗo mata ta baya ya zaci tana kallonsa, ya ji tsoro." Ya ɗan dube ni. "Kuma ga alama yana aiki."

Wanda ya fara fashewa da dariya ladanin masallacinmu ne, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Daga nan wuri ya rikice. Wani har da kwanciya a tabarma. Wani daga baya ya ce, "A gwada launin! Kafinta, cire hular a sake gwadawa!" Wani ya tambaya wai daga ina mujiya take samun ɓeraye haka da yawa, sai maƙwabtana uku suka amsa baki ɗaya: daga tulin guntayen katakon da na tara a bayan zaure shekara biyar, wanda suka yi ta roƙona in kwashe ina cewa zai yi amfani wata rana.

Mai unguwa ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Kafinta, na ga rantsuwa iri-iri a tabarmar nan. Amma ban taɓa ganin wanda ya rantse sau uku cewa shi da ɓera kansu ɗaya ba."

Ina tsaye, hula a hannu, kai a waje. Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe, kuma rufin da zan yi ba zai yi yoyo ba. Amma ga abin mamaki: a ƙarƙashin kunyar nan, wani sanyi ne yake sauka a jikina. Wata guda ban ci abinci ya zauna mini ba, wata guda ina tsallake bakin ƙofata kamar mai tsallake wuta. Ashe ba wanda ya tsane ni har ya yi mini asiri. (Wannan ma da ɗan ciwo: ashe ban kai a yi mini ba.)

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ba Modu ya sauke wani dogon numfashi, ya ce, "Alhamdulillahi," ya shafa fuska. A nan ne dariyar mutane ta daina damuna. Na tuna da Jibrin bai zo gaida yayansa ran nan ba, da gobe war haka dattijon nan yana bakin tasha da mata biyu da jakar aska, saboda aman tsuntsu da bakina.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini. Na zalunce ka."

Ya ce, "Allah ya yafe mana duka."

Mai unguwa ya ce, "Yafiya ta yi, amma ba ta cika benci. Kai ka kore masa mutane. Gobe Juma'a kai ne na farko a gabansa, kuma a waje, inda kowa zai gani. Bencin ma a inuwar bishiyarka za a ajiye shi daga yau." Ya juya wurin Ba Modu, fuskarsa ta saki. "Kai kuma Babarbare, in korar ka za a yi, ni zan kore ka da kaina, ba zan bar wa kafinta ba."

Ba Modu ya ce, "Bafulatani ya kori wa? Ka fara biyo ni in rage maka gemun nan tukuna." A nan ne ya yi murmushi.

Da na koma gida, labari ya riga ni isa, kamar kullum. Mai ɗakina tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Sannu da zuwa, Baban Ummi. An ce an gano mai gashin."

Na nemi wuri na zauna.

"Shekara biyu ina share abin nan kullum da safe. Tun kafin Ba Modu ya san hanyar Gombe. Har gani na yi mujiyar tana amayo shi, ina tsaye."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka ce ba ka tambaye ni ba."

Na ce to ni me ya sa ban taɓa gani ba sai bana? Ta ce, "Da kana da aiki, in ka fito sama kake kallo, kana duba rufin mutane. Bana ne ka koma kallon ƙasa." Na so in yi faɗa, na duba ko'ina ban sami inda zan kama ba. Na ci tuwo malmala uku.

Da safe na ɗauko bencin da hannuna na ajiye a gindin dogon yaro. Mutane sun taru kamar ana ɗaurin aure. Na zauna, Ba Modu ya ɗaura mini ƙyalle, ya jiƙa kaina, ya wasa aska a fata, ya wasa, ya sake wasawa, fiye da yadda ya saba (ko dai ni na ga haka). Da ya zo gyaran gemu ya ɗaga haɓata da yatsa, ya ɗora aska a maƙogwarona. A wannan ɗaga kan ne na hango ta a reshe, 'yar mujiyar, ta juya mana ƙeya, idanun ƙarya suna kallona. Ga askar mutumin da na so in raba da matsuguninsa a wuyana, ga 'yar aike a sama. Ban taɓa yin salati da ikhlasi irin na ran nan ba.

Ko ƙwarzane bai yi mini ba. Da ya gama ya share gashin tsaf kamar yadda ya saba, amma bai zuba a leda ba. Ya naɗe shi a takarda, ya ninke, ya miƙo mini da hannu biyu a gaban jama'a.

"Riƙe kayanka, Kafinta. Ka ƙirga, ko sili ɗaya ban rage ba."

Kafin in tashi mutum huɗu sun hau layi. Yau shekara ta zagayo, benci yana cike, kuma duk Juma'a sai ya naɗe mini gashina ya ba ni, ni kuma in karɓa in ce na gode. Katakon bayan zaure na kwashe rabi. Rabin na bar wa mujiya, ita ma tana da iyali. Aiki dai har yanzu sai a hankali, kuma yanzu ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, wannan ita ce asarar da na yi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da na tsinta a ƙofar gida yanzu, sai na jiƙa shi a ruwa na tone shi da tsinke kafin in kai shi majalisa. In kuma mai ɗakina ta ce, "Da ka tambaye ni," nan take nake ajiye guduma in tambaya.